Dokar Rumfar Kawu Aƙilu

"Ba ni bari," in ji Jariatu.

Baba Boubakar ya ɗauka ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ce ta hana ta ji da kyau. Ya sake faɗa, a hankali, da muryar nan da ya yi shekara talatin yana tsayar da motoci da ita a ofishin duwan, wato kwastan.

"Ɗiyata, cewa na yi ki bar ƙwanƙwasa tebur. Nan ba rumfar kawunki ba ce. Nan akwai alƙalin wasa, aikinshi ke nan shi gani. In ya gani, ya faɗi. In bai gani ba, rabonki ne. Ki riƙe hannunki, ki rufe bakinki."

"Na ji, Baba. Ba ni bari."

Abin da ya jawo maganar bai taka kara ya karya ba. Tana atisaye ne ita kaɗai a babban teburin sunuka na wani kulob a Kwatano, ta zo kafa hannun hagu, ɗan yatsanta ya goge wata jar ƙwallo. Ko motsin kirki ƙwallon ba ta yi ba. Amma kafin tunani ya zo, hannunta ya riga ya buga katakon gefen tebur sau biyu, ta miƙe ta ja da baya. Saura kwana tara a yi wasan tankaɗe da rairaya. Mace ɗaya tak za a tura gasar ƙasa da ƙasa ta masu buga sunuka don sha'awa, kuma wannan kujera ɗaya ce ta taso da Jariatu daga Malanville, tafiyar kilomita ɗari bakwai da ɗoriya.

Ba ta tashi da niyyar riƙe sanda ba. Shekarar da ta ci jarrabawar bak ta gama sakandare ita ce shekarar da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya. Manyan motoci suka yi jerin gwano tun daga bakin kogi suka nausa hanyar Guéné, direbobi suka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna jiran gobe, goben ta ƙi zuwa. Kawunta Aƙilu yana da teburin biliyar guda a wata rumfar kwano bayan tasha, ƙyallensa ya koɗe, ƙafa ɗaya an tokare ta da guntun taya. Da zaman banza ya ishi direbobi sai rumfar ta zama gari. Ƙafar Kawu ta kumbura a lokacin, ya ce Jariatu ta zo ta riƙa jera musu ƙwallaye kafin a buɗe jami'a a Parakou.

A makonnin farko kullum sai an yi faɗa. Bazabarme, Dandawa, Bahaushen Konni, mutanen kudu, kowa da harshensa, kowa yana rantsuwa bai taɓa ƙwallo ba. Ranar da aka karya sanda a kan wani har jandarma suka zo suka ce za su rufe wurin, Kawu ya dogara bango ya miƙe, ya kafa dokar da ba ta bukatar tafinta. Duk wanda ya yi kuskure, shi da kansa zai ƙwanƙwasa tebur sau biyu ya ba abokin wasa hanya. Wanda ya ɓoye aka kama shi, za a rubuta sunansa da alli a jikin ƙofa, ba zai sake taɓa sanda ba sai ranar da aka buɗe gada. Mutane suka yi dariya, don kowa na zaton kwana uku ne. Sunaye huɗu aka rubuta. Damina biyu ta wuce, Kawu yana sabunta allin.

Ita kuwa tun tana kallo har ta fara gwadawa da hantsi, in rumfar ta yi sauƙi. Wani direba Arzika, mai baki kamar reza, ya gan ta, ya tsokane ta da karatunta na boko ya ce, "'Yar lakkwal, sanda hwa ba biro ba ce. Ki bari kar ki tsone ma wani ido." Wata biyu bayan haka ta cinye shi bai jefa ko ɗaya ba. Ya zagaya teburin yana leƙa ramukan, wai yana neman inda ta ɓoye aljanin. Daga nan direbobi suka riƙa yin layi a kanta kamar yadda motocinsu suka yi a kan gada. Wanda ya ci shi ke tsayawa, don haka takan tsaya tun walaha har la'asar, kwano yana zuba wuta a ka, zufa tana bin sanda. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ta san abin da za su ce in ta zauna.

Baba Boubakar ɗan Madécali ne, amma Kwatano ya yi gida bayan ya bar aiki. Ya zo suna, hanya ta bi da shi ta bayan tasha, ya tsaya kallon wasanta na minti biyar ya kai awa uku. Shi ya gaya mata akwai wani wasa da ake kira sunuka, yayan biliyar, kuma ana neman mace. Watan atisayen ya faɗa daidai kan jarrabawar ƙarshen shekararta a jami'a. Ta san in ta tafi sai ta maimaita aji. Ta tafi.

Ranar da aka buɗe mata ƙofar ɗakin sunuka a Kwatano, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Ba ta san ana yin tebur haka ba. Ya miƙe a ƙarƙashin fitila, kore shar, kamar fadamar shinkafa bayan dashe in ka hango ta daga kan gada da sanyin safiya. Babu tabo, babu faci, babu tudu ko kwari. Ta cire takalmi ba tare da kowa ya ce ta cire ba. Ta shafa ƙyallen, ta ji yana da kwanciya irin ta gashin ɗan maraƙi, in ka bi shi santsi, in ka saɓa masa ya tashi. Baba Boubakar ya ɗora farar ƙwallo ya tura ta da ɗan yatsa. Ta tafi, ta yi ta tafiya, ta taɓa bangon can nesa ta dawo kan layin da ta bi, ba ta kauce ko da faɗin zare ba. Duk rayuwarta ba ta taɓa ganin abin da mutum ya ƙera ya miƙe haka ba.

"Bari in gaya miki gaskiya tun yanzu," in ji shi. "Ɗan biliyar a nan kamar masuncin tabki ne anka kai teku. Ƙwallayen sun fi ƙanana, ramukan sun fi matsi, nisan ya ninka. Idonki na da kyau. Amma cikin goma irinki, tara komawa gida su kai."

"Ta goman hwa?"

"Ita nika son gani."

Ya jera mata jajaye goma sha biyar da masu launi shida, ya koya mata lissafin. Ja maki ɗaya, sai ka bi da mai launi, baƙa ita ce babba da maki bakwai. Kuskure kuma ba hanya kaɗai yake ba abokin wasa ba, har da maki. Makon farko ba ta jefa uku a jere ba. Ƙwallon da a gida za ta faɗa ko da ido rufe, a nan sai ta zo bakin rami ta yi rawa ta fito. Awa takwas take yi a duƙe. Haɓarta ta yi kanta inda sanda ke gogawa, bayanta ya riƙe har sai ta dafa bango in za ta yi sujada. A mako na uku ta haɗa maki talatin da ɗaya a tashi guda, Baba Boubakar ya fita waje ya yi ta zagaye motarsa, don kada ta ga fuskarsa.

Abu biyu ne suka gagare shi. Na farko ƙwanƙwasar. Na biyu wata doguwar sanda mai gicciyen ƙarfe a baki, wadda ake ɗora sandar bugu a kai in farar ƙwallo ta yi nisa. A rumfar Kawu babu irinta, tebur ƙarami ne, ko'ina hannu na kaiwa. Arzika ya taɓa ganinta a waya ya raɗa mata suna kwagirin tsofaffi. Jariatu doguwa ce, ta gwammace ta miƙe a kan tebur da ƙafa ɗaya a ƙasa da ta ɗauki kwagiri.

"Girman kai ne," in ji Baba Boubakar.

"Hannuna na sani, Baba. Wancan ƙarfen ban san shi ba."

"To. Ranar da tebur ya gwada miki tsawonshi, ki tuna na faɗi."

Ranar wasan, Asabar da rana, an jera kujeru kusan arba'in. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne shirun. A gida ana bugu ana zagi, ana waƙa, mai shayi na kaɗa kofi. A nan mutum arba'in suka zauna kamar masu sauraron huɗuba, ba ka jin komai sai ƙas ɗin ƙwallo da muryar alƙali, wani dattijo mai farar safar hannu, yana ƙirga maki da Faransanci. Ta ɗaure mayafinta tsaf da allura uku, ta cusa bakinsa cikin riga. Mata biyu ta fitar kafin azahar. Saura ɗaya, Senami, ma'aikaciyar kantin magani wadda ta koyi wasan shekara shida lokacin da take karatu a waje. Wadda ta riga cin zagaye uku ita ke da kujera.

Zagayen farko Jariatu a zaune ta yi shi. Ta manta ma abokiyar karawa take kallo. Senami ba ta bugu da ƙarfi. Takan taɓa farar ƙwallo, ja ta faɗa, farar kuma ta juyo ta zo ta tsaya daidai inda ake bukatarta, kamar saniyar da makiyayi ya kira da suna a tsakiyar garke. Ja, baƙa, ja, baƙa. Jariatu ta ga ashe shekara biyu jefa ƙwallo kawai take yi, wannan kuwa magana take da ita. Ta ji wani abu a ƙirji mai kama da tsoro, mai kama da murna.

Amma rumfar kwano ta koya mata abin da ba a koya a ɗaki mai sanyi. Ta saba da tsayuwa, ta saba a raina ta. Ta ci zagaye na biyu da dogayen bugu daga wannan kai zuwa wancan, irin waɗanda mai hankali ba ya gwadawa. Senami ta ci na uku. Na huɗu ya ja kusan awa ɗaya, kowa na ɓoye wa kowa ƙwallo, har Senami ta fara matsa wuyanta da hannu. Jariatu ko ruwa ba ta kurɓa ba. Ta ci. Biyu da biyu.

A zagaye na biyar jajaye suka ƙare, ƙananan masu launi suka bi su. Ƙwallo uku suka rage, shuɗiya da ruwan hoda da baƙa. Jariatu tana gaba da maki tara, kuma hannunta ne. In ta jefa shuɗiya, abin da ya rage a tebur ba zai ishi Senami ta kamo ta ba. Shuɗiyar tana kusa da ramin can sama. Farar ƙwallo ta tsaya bayan tsakiyar tebur, nesa da hannu. Baƙa kuma tana nan kusa, a kan hanyar da jikinta zai bi.

Alƙali ya kai hannu ƙarƙashin tebur zai miƙo mata kwagiri. Ta girgiza kai.

Ta kafa ƙafar dama, ta ɗaga ta hagu, ta miƙe a kan koren ƙyallen iya tsawonta. Ta ja sanda sau uku. A ja na ukun ta ji allura ɗaya ta saki, bakin mayafin ya zame daga cikin riga ya sauka. Ta ji shi ya taɓa wani abu mai sanyi da nauyi, taɓawar da ba ta fi saukar ƙuda ba. Sandar ta riga ta tafi. Shuɗiya ta bi layi ta faɗa tsakiyar rami.

Ɗakin ya saki numfashi, tafi ya tashi. Alƙali yana can ɗaya gefen, idonsa a kan shuɗiya, ya faɗi maki biyar. Jikinta ya kare baƙar daga kowa. Baƙar tana nan inda take, ko ta gusa ba ta fi ƙwayar gero ba.

Jariatu ta sauko. Hannunta ya buga katako sau biyu.

Ba wanda ya kula. A wannan ɗaki ƙwanƙwasar ba ta nufin komai ga kowa, sai ga mutum ɗaya. Baba Boubakar yana layin gaba, ya zuba mata ido, ya ɗora yatsa a kan leɓensa, ya girgiza kai a hankali. Ta gane abin da yake cewa. Ta cika dokar kawunta, ta ƙwanƙwasa, ba laifinta ba ne in ba su ji ba. Ta dubi teburin. Ga ruwan hoda a buɗe, ga jirgin sama a bayanta, ga wasu tebura irin wannan a jere a wata ƙasa, da mata irin Senami daga ko'ina a duniya, waɗanda take so ta zauna ta kalla ko da za su cinye ta. Babu ƙofar kwano a nan, babu alli. Sai ta tuna Kawu bai taɓa cewa a buga katako don katako ya ji ba.

"Musye," ta ce da alƙali da Faransanci, muryarta ta fita sarai. "Mayafina ya taɓa baƙa kafin in buga."

Tafin ya mutu. Dattijon ya zagayo, ya duƙa ya dubi baƙar, ya ɗago ya dube ta.

"Ban gani ba, madmazel. Kin tabbata?"

"Na ji a jikina."

Dattijon ya miƙe tsaye sosai, ya sanar da kuskure, maki bakwai ga Senami. Ya zaro shuɗiya daga rami, ya goge ta da safar hannunsa, ya mayar da ita tsakiyar tebur.

Senami ba ta tashi nan da nan ba. Ta dubi Jariatu kamar yadda Jariatu ta dube ta a zagayen farko. Da ta tashi kuma ba ta yi wasa ba, don girmamawar da ta rage ke nan. Shuɗiya ta faɗa. Farar ta gangaro ta tsaya a bayan ruwan hoda. Ruwan hodar ma ta faɗa, baƙar da ta rage ba ta isa Jariatu ta kamo ta ba. Shi ke nan.

Da suka gaisa Senami ta riƙe hannunta ta ƙi saki. "Wa ya koya miki wasa?"

"Direbobi."

"A wane kulob?"

"Bayan tasha," in ji Jariatu.

Baba Boubakar ya kai ta tashar mota washegari da safe. Ya sauke mata jaka, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Shekara talatin ina binciken kaya," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda ya buɗe buhu da kanshi ya ce ga abin da kunka manta ba. Har yanzu haushinki nika ji. Da kin ɗauki kwagirin nan."

"Wannan kam laifina ne, Baba. Zan koye shi."

"Ɗayan hwa?"

"Ba ni bari."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ya ce ta gaida kawunta.

Labari ya riga ta isa. Da ta shiga rumfar da hantsin Litinin, teburin ya yi mata ƙanƙanta kamar faifai, ta ga facin, ta ga guntun taya. Arzika yana kai, ya dogara sanda.

"Ga 'yar lakkwal ta dawo. Wai mutum shi kai ƙarar kanshi wajen alƙali. Ni ko jandarma ya kama ni da hannu cikin buhu sai na ce ba hannuna ba ne."

"Shi ya sa ba a aike ka ba," in ji ta.

Rumfar ta kwashe da dariya. Kawu Aƙilu bai yi ba. Yana zaune a kan bencinsa, ƙafar a miƙe, ya kira ta da hannu ta durƙusa kusa da shi.

"An ce ba wanda ya gani."

"Ba wanda ya gani, Kawu."

"Ni na kafa dokar nan don kar a fasa ma wani kai a rumfata. Ban san za ta bi ki har bakin teku ba." Ya dubi sunaye huɗun da ke jikin ƙofa, ya daɗe. "Mi ta ci miki? Faɗa mini duka, kar ki rage."

Ta faɗa masa, ba ta sunkuyar da kai ba. Kujerar ta tafi, Senami ce za ta hau jirgi. Shekarar jami'a ta tafi, za ta koma aji ɗaya da waɗanda ta girma. Ba za a sake neman mace ba sai bayan shekara biyu, in ma an nema. Kuma teburin da ya nuna mata yadda wasan yake yana can kilomita ɗari bakwai daga nan, ba ta san ranar da za ta sake ɗora hannu a kansa ba.